Dogo da Hankali Ba Dace Ba Ne

Akwai wata magana da ke yawo a bakin samarinmu duk sa'ad da aka zauna wurin mai shayi aka ɗauko hirar ƙwallon kwando, a Mayo ne ko Ingaz ko unguwannin Umdurman, har ma a tsakanin waɗanda yaƙi ya watsa zuwa Gadarif da Kasala da Alƙahira. Da zarar an ambaci Manute Bol, sai wani ya kwashe da dariya ya ce ai wannan ba ɗan wasa ba ne, abin kallo ne Amurkawa suka ɗauka don a cika musu zauren wasa. Hujjarsa kuwa tana nan cikin waya: mutum ya shekara goma a gasar NBA, amma abin da yake ci a kowane wasa bai kai maki uku ba. Sai a rufe zancen da karin maganar da muka gada, wai dogo da hankali dace ne.

Mun ƙi wannan magana. Zalunci ce ga mutumin da aka yi ta a kansa, jahilci ce game da wasan da ake taƙamar an sani, kuma ta fi muni da ta fito daga bakinmu mu Hausawan Sudan. Za mu kawo dalilanmu ɗaya bayan ɗaya, wanda yake da ja ya zo da nasa.

Mu fara da mutumin, domin ba baƙo ba ne a garin nan. Manute ɗan ƙabilar Dinka ne daga Turalei, can kudu, tun ƙasar tana ɗaya. Ya tashi yana kiwon shanu, bai taɓa ƙwallon kwando ba sai da ya zama saurayi. Daga Wau ya iso Khartum, ya buga wa ƙungiyar kulob ɗin Katolika da ƙungiyar ƙasa, kuma a titunan birnin nan ya ɗanɗani irin wulaƙancin da 'yan kudu suke sha a wancan zamani. A 1982 wani mai horarwa Ba'amurke, Don Feeley, ya zo Khartum koyar da 'yan wasa, ya gan shi, ya ba shi shawarar tafiya Amurka. Ya buga kaka ɗaya a Jami'ar Bridgeport, sannan a 1985 ƙungiyar Washington Bullets ta ɗauke shi. Tsawonsa santimita 231, faɗin hannuwansa idan ya miƙe su kusan santimita 259, bakin kwando kuwa yana mita 3.05 daga ƙasa.

A kakarsa ta farko ya tare jifa 397. Har yau babu sabon shiga da ya kai wannan adadi. Sau biyu yana zama na ɗaya a tare jifa a duk gasar, a 1986 da 1989, kuma sau biyu yana tare jifa 15 a wasa guda. Da ya ajiye wasa, littafin gasar ya nuna ya ci maki 1,599, ya tare jifa 2,086. Masu dariya sukan tsaya a lamba ta farko. Mu kuwa muna roƙonsu su ɗaga ido su karanta ta biyu, su kuma gaya mana inda makin waɗancan jifa dubu biyu suka tafi. Maki biyun da ka hana abokin hamayya da maki biyun da ka ci, nauyinsu ɗaya ne a kan allon sakamako. Bambancin kawai shi ne ɗaya ana rubuta shi da sunanka a yi maka tafi, ɗayan kuwa babu mai ganinsa don bai taɓa wanzuwa ba.

To amma ko wannan lamba ta 2,086 ba ta ba da rabin labarin ba. Babban aikin ɗan tsakiya mai tsaron kwando ba ya shiga littafi ko kaɗan. Ga yadda lissafin yake. A gasar NBA, jifan da aka yi daga gindin kwando kusan biyu cikin uku suna shiga, wato jifa 100 suna haifar da maki kusan 130. Jifan tsaka-tsaki, wanda bai kai layin maki uku ba kuma bai kusanci kwando ba, kusan huɗu cikin goma ne ke shiga, wato jifa 100 suna ba da maki 80. Saboda haka duk lokacin da ɗan wasa ya kutso da gudu, ya hango dogon nan tsaye a gaban kwando, ya fasa, ya ja birki ya yi jifa daga nesa kaɗan, ƙungiyarsa ta yi asarar kusan rabin maki tun ƙwallon ba ta bar hannunsa ba. In haka ta faru sau goma a wasa, maki biyar sun salwanta. Wasanni nawa ne ake rabuwa da tazarar da ba ta kai maki biyar ba? Dogon bai taɓa ƙwallo ba, bai yi tsalle ba, marubucin ƙididdiga bai ɗaga alƙalami ba, amma wasa ya karkata.

Ba mu muka ƙirƙiro wannan ba. A 2013 masu nazarin wasanni Kirk Goldsberry da Eric Weiss sun gabatar da bincike a taron nazarin wasanni na jami'ar MIT, suka yi amfani da na'urorin da ke bin motsin 'yan wasa, suka nuna cewa gwanin tsaro irin Dwight Howard yana rage yawan jifan da abokan hamayya suke gwadawa kusa da kwando tun daga tushe. Kakanninmu da suka ce rigakafi ya fi magani ba su jira kwamfuta ba.

Akwai fa'ida ta biyu da ido ba ya kamawa. Idan 'yan baya huɗu sun san akwai ganuwa a bayansu, sai su matsa wa masu jifan nesa lamba ba tare da tsoron a wuce su ba, domin wanda ya wuce su ma ba tsira ya yi ba. Idan babu ganuwar, dole kowa ya ja baya ya bar rata, ratar nan kuwa ita mai jifan maki uku yake nema. Mutum ɗaya a gindin kwando yana ƙara wa mutum huɗu ƙarfin zuciya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu mu zo kan karin maganar dogo da hankali. Wanda ya ce tare jifa tsawo ne kawai bai karanta dokar wasan ba. Doka ta hana a taɓa ƙwallo idan ta fara gangarowa zuwa kwando. Wanda ya taɓa ta a lokacin, alƙalin wasa zai ba abokan hamayya makin kamar ta shiga. Dole ne a same ta tana hawa, cikin ɗan ƙiftawar ido. Idan ka yi tsalle da wuri, mai ƙwallo ya yaudare ka, ya jira ka sauko a kansa ya sami jifan kyauta. Idan ka makara, ta wuce. Idan ka bugi hannunsa, keta ce, kuma keta shida a NBA, ko biyar a dokar duniya ta FIBA, sai benci. Idan ka bar mutuminka ka je taimako ba a kan lokaci ba, an miƙa masa ƙwallo ya zura a banza. Tun daga kakar 2001 zuwa 2002 ma dokar NBA ta hana mai tsaro ya daɗe fiye da daƙiƙa uku a cikin akwatin gaban kwando ba tare da yana gadin wani ba. Ke nan a kowane hari ɗan tsakiya yana karanta ƙafafun mai ƙwallo, yana lura da wanda ke bayansa, yana ƙidaya daƙiƙu, yana kuma yi wa abokansa magana don shi kaɗai yake ganin fili gaba ɗaya. Dogaye sun yi yawa a duniya. Waɗanda suka iya wannan aiki ba su cika tafin hannu ba a kowane zamani.

Babban malamin wannan fanni shi ne Bill Russell na Boston Celtics, wanda ya ci kofin gasar sau 11 cikin shekara 13. A zamaninsa Wilt Chamberlain ya ci maki 100 a wasa ɗaya a 1962, amma kofi biyu ya ɗauka a duk rayuwarsa ta wasa. An san Russell da cewa ba ya dokan ƙwallo waje don burge 'yan kallo. Yakan ɗan taɓa ta zuwa hannun abokinsa, tsaro ya rikiɗe ya zama hari nan take. Jifa nawa ya tare? Littafin gasar babu ko ɗaya, domin sai a kakar 1973 zuwa 1974 aka fara rubuta tare jifa, shekaru bayan ya yi ritaya. Wanda ya dogara da littafi kaɗai zai rantse cewa Russell bai taɓa tare jifa ba. Wannan kaɗai ya isa ya koya mana taka-tsantsan da lambobin da ke cikin waya.

Mu dubi 'yan nahiyarmu kuma. Wanda ya fi kowa tare jifa a rubutaccen tarihin NBA shi ne Hakeem Olajuwon ɗan Legas, da 3,830, kuma a raga ya fara, yana mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa. Na biyu shi ne Dikembe Mutombo ɗan Kinshasa, da 3,289. A 1994 ƙungiyar Mutombo, Denver, ta shiga wasannin fitar da gwani a matsayi na takwas, ta gamu da Seattle wadda ta ci wasa 63 a kakar. Mutombo ya tare jifa 31 cikin wasa biyar, Denver ta fitar da su, karo na farko da na takwas ya kayar da na ɗaya. A wannan shekarar dai, a wasa na shida na zagayen ƙarshe, Houston tana gaba da maki biyu, saura daƙiƙu, John Starks na New York ya ɗaga jifan maki uku wanda in ya shiga kofi ya tafi. Olajuwon ya miƙa hannu ya shafe ta da ɗan yatsa. Aka tashi 86 da 84, Houston ta ci wasa na bakwai ta ɗauki kofinta na farko. Shekara goma bayan haka Detroit ta lallasa Lakers ta Shaquille O'Neal da Kobe Bryant da wasa huɗu da ɗaya, ginshiƙinta kuwa Ben Wallace ne, mutumin da babu ƙungiyar da ta zaɓe shi ranar zaɓen sababbin 'yan wasa, wanda kuma bai taɓa kai matsakaicin maki goma a wata kaka ba.

Adalci ya wajaba mu saurari masu ja, domin ba duk maganarsu ce banza ba. Suna cewa Manute bai taɓa ɗaukar kofi ba, jikinsa siriri ne ana ture shi, kuma idan ƙungiyarsa ta kai hari kamar mutum huɗu ne suke fuskantar biyar. Gaskiya ne, shi ya sa matsakaicin abin da yake bugawa bai kai minti 19 ba cikin 48. Ba mu ce shi ne Olajuwon ba. Amma su lura cewa cikin waɗannan 'yan mintuna yake tare jifa fiye da uku a kowane wasa, kuma in aka yi lissafi da minti babu wanda ya kamo shi cikin waɗanda suka daɗe a gasar. Ƙungiyoyin da suka yi ta ba shi albashi shekara goma ba gidajen sadaka ba ne. Sun san abin da suke saya.

Suna kuma cewa akwai tarewar banza: wanda ke tsalle kan kowace ƙwallo don a rubuta masa lamba, ya doke ta waje ta koma hannun abokan hamayya, ko ya bar wurinsa a kwashe ƙwallon da ta dawo daga allo. Mun yarda. Sai dai wannan hujjarmu ce, ba tasu ba, domin tana tabbatar da cewa aikin na mai hankali ne.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce zamani ya canza. Yau kowa yana jifan maki uku, sai a jawo dogo waje a bar kwando babu mai gadi. Sukan kawo misalin Rudy Gobert a 2021, lokacin da Utah ta fi kowa cin wasa a kakar, amma Clippers ta zuba gajeru masu jifan nesa, ta farfaɗo daga tazarar maki 25, Terance Mann ya ci 39, aka fitar da Utah. Mun ga wasan. Abin da muka gani shi ne 'yan bayan Utah ana wuce su kamar ƙofar da ba ƙyaure, Gobert ya zo rufe kwando, mutuminsa ya tsaya a kusurwa shi kaɗai. Laifin na ƙofa huɗu ne da suka buɗe, aka ɗora wa ta biyar. Kuma in da zamanin masu tsaron kwando ya wuce, da Milwaukee ba ta ɗauki kofin wannan shekarar da Brook Lopez a gindin kwando ba, da San Antonio ba ta zaɓi Victor Wembanyama na farko a 2023 ba, da kuma Oklahoma ba ta rufe wasa na bakwai a 2025 da Chet Holmgren yana tare jifa biyar ba. Abin da zamani ya canza shi ne ya ƙara wa ɗan tsakiya aiki: yanzu sai ya iya gudu, ya fita waje ya dawo. Har gobe babu jifa mai arha kamar na gindin kwando, kuma muddin haka ne, mai hana shi ba zai yi kwantai ba.

Wani zai ce mu 'yan ƙwallon ƙafa ne, Hilal da Marrikh muka sani, me ya haɗa mu da wannan? To mu tambayi dattawanmu na Umdurman yadda kofin Afirka ya shigo garin nan a 1989. Marrikh ta gamu da Bendel United ta Najeriya a wasan ƙarshe na Kofin Mandela. Ci ɗaya tak aka yi a gida, aka je Najeriya aka tashi babu ci. Minti 180 ba a zura wa Marrikh ƙwallo ba, shi ya sa har yau in an yi hirar wannan kofi sai an ambaci mai tsaron gida Hamid Biraima. Mun san darajar mai hanawa ranar da ya kawo mana kofi. Washegari sai mu koma rera sunan mai zura ƙwallo kaɗai.

Mun ce wannan magana ta fi muni a bakinmu, ga dalili. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'arsa zuwa gabar Shuɗin Nilu, da ma kafin nan ta hanyar alhazai masu tafiya a ƙasa, iyayenmu suke cikin ƙasar nan. Su suka yi ta tsinkar auduga a gonakin Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, su suka noma dawa da riɗi a Gadarif, suka kama kifi, suka yi dako a kasuwanni. Da aka zo rubuta tarihin arzikin ƙasa, sunan mai gona aka rubuta da na mai fitar da kaya waje. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Har a watan Yuli na 2022, lokacin da aka zubar da jinin 'yan'uwanmu a jihar Shuɗin Nilu, akwai masu tambayar me muka taɓa tsinana wa ƙasar. Kuma tun daga 15 ga Afrilu 2023 kowa ya ga su wane ne suka riƙe unguwannin Khartum da Umdurman: mata da samarin da suka ɗora tukwanen takiyya, da 'yan sa-kai na ɗakunan agajin gaggawa. Ana ƙidaya waɗanda suka mutu, amma babu rajistar waɗanda tukunyar adas ta hana mutuwa. Mutanen da suka san zafin a ce ba su yi komai ba don aikinsu bai shiga littafi ba, bai kamace su ba su zauna suna yi wa wani irin wannan hukunci, balle mutumin da aka yi wa gorin fata a titunan da mu ma aka yi mana gorin asali.

Abin da ke gabanmu ya wuce kare sunan mamaci. A kowace unguwarmu akwai yaron da ya zarce tsaransa tsawo, wanda ake kira zanƙalele, ake yi masa dariya har ya koyi tafiya a sunkuye. In ya zo fili, ƙwallon ƙafa ba ta karɓe shi ba, a ƙwallon kwando kuma kowa kwaikwayon Stephen Curry yake yi, babu mai miƙa masa ƙwallo, babu mai gaya masa cewa akwai gurbin da aka tanadar wa irinsa. Sati biyu sai ya daina zuwa. Wannan asara ce, kuma da hannunmu muke yin ta.

Maƙwabtanmu na kudu ba su yi wannan kuskure ba. A zaman gudun hijira a Masar Manute ya koya wa 'yan gidan su Luol Deng wasan nan. Luol ya girma ya zama tauraro a Chicago, ya dawo ya karɓi shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta Sudan ta Kudu a 2019. A watan Yuli na 2024 ƙasar da ba ta wuce shekara 13 da samun 'yanci ba ta tsaya wa Amurka a Landan aka tashi 101 da 100, kwana takwas bayan haka ta doke Puerto Rico 90 da 79 a gasar Olamfik. Cikin 'yan wasanta akwai Wenyen Gabriel, haifaffen Khartum. Bol Bol ɗan Manute ma a Khartum aka haife shi a 1999. Yau 'ya'yanmu ne suke zaman gudun hijira a Masar ɗin nan, a irin filayen da wancan labari ya fara.

Don haka muna kira ga malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin matasa da duk wanda zai sa hannu wajen gyara filayen unguwa yayin da jama'a ke komawa gidajensu. In za a kafa ƙarfen kwando, a nemo dogon yaron nan tun ranar farko. A koya masa tsayuwa da ɗaga hannu a miƙe kafin a koya masa tsalle. A koya masa ya taɓa ƙwallo zuwa ga abokinsa maimakon ya doke ta bayan katanga. In ana rubuta sakamakon wasan unguwa, a ƙara layi biyu a takardar: jifan da aka tare, da harin da aka fasa saboda shi. A karanta su da ƙarfi a gaban jama'a kamar yadda ake karanta maki. Yara suna bin abin da manya suke yi wa tafi.

Manute ya rasu ranar 19 ga Yuni 2010 a jihar Virginia ta Amurka, bayan ya ƙarar da mafi yawan dukiyarsa kan mutanen yankinsa, yana kan aikin gina makarantu. An kai gawarsa Turalei aka binne. Duk wanda ya sake ɗaga waya a wurin mai shayi ya nuna mana maki 1,599, za mu karɓi wayar cikin ladabi, mu ja shafin ƙasa kaɗan, mu mayar masa ya karanta layin da ke biye.

Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu.